Littafin Awon Farfesa Maiwada

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ta gagari dattawan unguwarmu, ko ku za ku iya raba ta.

Farfesa Maiwada ya shekara talatin yana koyar da ilimin sadarwa a jami'a. Bincikensa ɗaya ne: yadda ruwan sama ke raunana saƙon da ke bin iska tsakanin waya da ƙarfen sabis. Duk damina sai ya ɗauki na'urar awonsa ya shiga daji shi kaɗai, ya kashe wayarsa ya bar ta a mota, wai don kada ta gurɓata masa awo. An yi masa magana har an gaji.

Ran nan da hantsi santsi ya kwashe shi, ya faɗa kwazazzabo, ƙafa ta karye, ga ruwa yana ta ƙaruwa. Ba komai a hannunsa sai na'urar, wadda aikinta tura lambobi zuwa ɗakin bincike. Sai ya riƙa kashe ta yana kunnawa, sau uku-uku, yana salati.

Ladidi, tsohuwar ɗalibarsa da ta zama malama, ita ke duba lambobin. Abokan aiki suka ce ruwa ne ke katse saƙon. Ta ce, "Yaushe ruwa ya koyi ƙirga uku? Haka Malam ke buga tebur in yana so a saurare shi."

Ta kira Tanimu, wani ɗalibin nasa da ke aiki a kamfanin waya. Ya auna ƙarfin saƙon daga ƙarafan sabis uku, ya ce Malam na tsakanin wasu duwatsu biyu. Amma taswira ba ta nuna hanya ba.

Sai suka tuna da Barau, wanda Farfesa ya kayar a jarrabawa sau biyu har ya bar makaranta, ya koma gyaran rediyo a kasuwar ƙauye. Shi ya san burtalin shanu. Ya lanƙwasa wayoyin tsohuwar lema ya yi eriya, ya hau babur, ya bi saƙon har ya iske ruwa ya kai wa Farfesa ƙirji.

Yana zura igiya ya ce, "Malam, maki nawa za ka ba wannan eriyar?"

"Ciro ni tukuna, Barau, ma sake duba takardarka."

Farfesa ya warke, lokacin ritaya ya zo. Kullum sai ya sa wa ukun albarka da sunayensu. To amma akwai littafin awo da ya gada daga malaminsa, ya cika shi da aikin damina talatin, kuma al'adar ita ce sunan magaji ɗaya ake rubutawa a shafin farko. Mako uku ke nan yana buɗe shafin, ya ɗaga alƙalami, ya ajiye.

To, da alƙalamin a hannunku yake, sunan wa za ku rubuta: wadda ta ji kiran, ko wanda ya gano wurin, ko wanda Farfesa ya kayar amma ya zo da igiya?