Wanda Ya Riga Bindiga Tashi

A Tudun Ɗinya, wani ƙauye da ke arewa da Dawakin Tofa, an yi wani saurayi ana ce masa Abdulbasit. Manomi ne ɗan manomi, kuma Allah ya ba shi ƙafa. In akuya ta tsinke ta faɗa gonar wake, shi ake kira, kafin ta kai kunya ta biyar ya riƙo igiyarta. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa, ga fara'a. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: Abdulbasit ba ya iya jira. Tuwo da zafinsa yake kai shi baki. In kana ba shi labari, shi zai ƙarasa maka, kuma yawanci ba daidai ba. Har a masallaci halin bai bar shi ba, domin liman bai gama kabbara ba Abdulbasit ya riga ya kai ruku'u. Da yake Hausawa na cewa wane ya riga malam masallaci, sai samarin garin suka laƙaba masa Riga-Malam. Shi kuwa sunan daɗi yake masa, a ganinsa yabo ne.

Malamin da ake riga ɗin shi ne Malam Yahya, tsohon malamin motsa jiki na firamare da ya yi ritaya, yake jan salla a ƙaramin masallacin bakin kasuwa. Ya sha yi masa nasiha. Ya ce masa duk saurin mamu ba zai fita daga salla ba sai liman ya yi sallama, to gaggawar ta mece ce? Abdulbasit yakan sosa ƙeya ya ce ya daina, in an zo la'asar a koma gidan jiya.

A wata damina, lokacin da gero ya fitar da kai ana gasa tumu, aka fara gasar guje-guje ta duniya a wata ƙasa can gabas. Saboda bambancin lokaci, manyan tseren suna faɗowa ne tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da mutane suka taso daga gona. Nababa mai shayi yana da talabijin da yake kunnawa da sola, sai rumfarsa ta koma filin wasa. Wanda bai taɓa sanin mita ɗari tsawon me ba ne, cikin kwana uku ya zama masani.

Gwanaye biyu ne suka raba kan garin. Sunayensu sun fi ƙarfin harshen mutanen Tudun Ɗinya, don haka aka raɗa musu na gida. Na farko dogo ne mai sarƙar zinare da gashi rinanne, in kyamara ta zo kansa sai ya yi rawa ya kashe ido ɗaya. Shi ne Ɗan Ƙwalisa. Na biyu gajere ne mai kauri, ba ya dariya, ba ya kallon kowa, sai aka ce masa Damo. Samari duka na Ɗan Ƙwalisa ne, Abdulbasit ne shugabansu. Dattawa kuwa Damo suke so, wai yana da tarbiyya, kamar sun san gidan ubansa.

Musun ya kai musu. Samari suka ce gwani shi ne wanda duniya ta san fuskarsa, wanda hotonsa ke jikin riguna a kasuwa. Malam Yahya ya ce gwani shi ne wanda ya shekara goma ana damawa da shi ba a taɓa jin ya yi abin kunya ba. Abdulbasit ya tambaya ko a tarihin daji an taɓa jin damo ya ci tsere. Wani dattijo ya ce shi kuwa bai taɓa jin sarƙar wuya ta yi gudu ba. Nababa, da yake ɗan kasuwa ne, duk wanda ya karɓi kofi a hannunsa gwaninsa ne gwani. Aka yi ta dariya, shayi yana ƙarewa ana sake ɗorawa.

Ranar tseren ƙarshe rumfar ta cika har bakin hanya. Mutum takwas suka durƙusa a layi, filin ya yi tsit, rumfar Nababa ma ta yi tsit. Bindiga ta tashi. Kafin wani ya haɗiye tumun da ke bakinsa an gama, Ɗan Ƙwalisa ya ci, Damo na biye da shi da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Samari suka ɓarke da ihu, aka kifar da benci, Abdulbasit ya hau kan buhun gawayi ya yi wa gwaninsa kirari.

"Na gaban iska! Kai ba ka jiran bindiga, bindiga ce ke jiranka!"

Kirarin ya karɓu, aka yi ta maimaita shi har da tafi. Malam Yahya ya yi dariya tare da su, ya ce ya yarda an kayar da Damo. Amma da aka sake nuna tseren a hankali, sai ya kama hannun Abdulbasit ya nuna masa talabijin.

"Duba da kyau, ɗana. Gwanin naka shi ne na kusa da ƙarshe wajen tashi. Sai da ya ji ƙara sannan ya motsa. A tsakiya ya ci su."

Abdulbasit bai duba ba. Yana can yana ƙirga mutanen da suke rera kirarinsa.

Bayan an cire amfanin gona, aka yi shelar cewa za a zaɓi 'yan gudun da za su wakilci jiha a gasar ƙasa. Za a fara daga ƙananan hukumomi, a ƙare a babban filin wasa na birni, inda mutum biyu na farko a mita ɗari za su sami gurbi. Wannan gurbin shi ne abin da Abdulbasit ya fi so a duniya. Tun yana firamare yake mafarkin ya sa rigar jiha, a kira sunansa da na ƙauyensu a rediyo.

A matakin ƙaramar hukuma ba bindiga, ƙirge ake yi: ɗaya, biyu, uku. Abdulbasit yana jin biyu yake tashi. Ba wanda ya kula, domin ko da ya jira ukun ma shi zai ci. Malam Yahya kaɗai ya gani daga bakin fili. Ya same shi ya gaya masa cewa a birni doka ɗaya ce, wanda ya riga bindiga sau ɗaya an fitar da shi, ba roƙo ba sake. Ya ce ya zo filin firamare su yi mako biyu suna koyon tashi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abdulbasit ya yi godiya da ladabi, ya ce yana nan zuwa. Bai je ba. A ransa cewa yake dattijon haushin kayen Damo ne bai sake shi ba.

Ranar gasar, mutanen Tudun Ɗinya suka cika mota biyu. Nababa ya rufe rumfa, abin da bai yi ba ko ranar sunan ɗansa. Mahaifiyar Abdulbasit, Inna Zulaihatu, ta dama masa fura tun da safe, ta ce ya tafi Allah ya tsare. A hanya ana ta kirari har aka shiga birni. Abdulbasit ya ci zagayen share fage cikin sauƙi, don a nan ya yi sa'a tashinsa ya zo daidai da ƙarar. Wannan sa'ar ce ta ƙarasa ruɗa shi.

Aka zo tseren ƙarshe. Ya durƙusa a layi na huɗu. Alƙalin tashi ya ce a shirya, kowa ya ɗaga ƙugu. Daga can saman benci ya jiyo muryar mutanensu suna cewa bindiga ce ke jiransa. Ai kuwa sai ya ɓalle. Ya yi gudun da bai taɓa yin irinsa ba, iska na kaɗa masa kunne, bai ji ƙara ta biyu da aka harba don a tsaya ba. Har ya kusa rabin fili kafin ya lura ba takun kowa a bayansa. Ya waiga ya ga mutum bakwai a tsaye a layi suna kallonsa, alƙali kuma na tahowa da jan kati a hannu.

Aka yi tseren ba tare da shi ba. Gudun da wanda ya ci ya yi bai kai wanda Abdulbasit ya yi a zagayen share fage sauri ba. Wannan shi ya fi yi masa ciwo. Ya zauna a gefen fili ya rufe fuska da riga, ya yi kuka sosai, kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne shi.

A mota ana komowa, samari suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Wani ya ce alƙalin ne ya daɗe bai harba ba, wani ya ce 'yan birni ne suka yi musu ƙulli. Abdulbasit ya ɗago kai ya ce su bar maganar, ba wanda ya tura shi, da ƙafarsa ya tashi. Washegari da hantsi ya tafi gidan Malam Yahya ya durƙusa.

"Malam, ka faɗa ban ji ba. Yanzu na zo."

Malam Yahya bai ce masa ai na gaya maka ba. Cewa ya yi za su fara, amma ba daga fili ba. Ya ce daga ranar, wurin tsayuwarsa a masallaci shi ne sahun farko, daidai bayan liman, kuma sai ya yi kwana arba'in bai riga shi ko sau ɗaya ba. Duk ranar da ya riga shi, a koma ɗaya. Abdulbasit ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Sau shida ana komawa ɗaya. Sai da aka yi wata uku kafin arba'in ɗin ta cika, kuma a ranar Nababa ya ba kowa shayi kyauta.

Daga nan aka koma filin firamare. Malam Yahya ya samo katako biyu da yake haɗa su su ba da ƙara kamar bindiga. Sai ya ce a shirya, Abdulbasit ya ɗaga ƙugu, shi kuma Malam ya juya ya fara hira da mai wucewa a kan tsadar taki. Wani lokacin ya yi tari da ƙarfi, wani lokacin ya sa a buga garwa a bayansa. Mutane sukan taru su sha kallo, suna dariyar Riga-Malam a tsugune yana zufa yana jiran katako. Shi ma yakan yi dariyar. A hankali kunnensa ya koyi ƙara ɗaya tak, ƙafarsa kuma ta koyi bin kunnen. Har Inna Zulaihatu ta shaida cewa yanzu yana barin tuwo ya huce.

Shekara ta zagayo, aka sake cika mota biyu. A tseren ƙarshe Abdulbasit ya durƙusa, alƙali ya ce a shirya. Can a wajen fili wani babur ya yi ƙara kamar harbi. Na kusa da shi ya zabura ya fita, Abdulbasit ko gezau. Aka ba wancan jan kati, ya fita yana riƙe da kai, Abdulbasit ya bi shi da kallon tausayi don ya san ɗacin abin. Aka sake durƙusawa. Bindiga ta tashi, sannan ya tashi. A mita hamsin yana na biyar, a mita tamanin ya zama na uku, a kan layi ya miƙa ƙirji ya zo na biyu. Gurbin ya zama nasa.

Mutanen Tudun Ɗinya suka yi murna kamar an ba su filin wasan kyauta. Nababa har yau yana rantsuwa cewa Abdulbasit na ɗaya ya zo, idon alƙalai ne bai kai ba. Da yamma rediyo ta ambaci sunan Abdulbasit da na ƙauyensu, Inna Zulaihatu ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo taya ta.

Washegari a rumfar shayi aka tayar da tsohon musu. Abin mamaki, Malam Yahya ya ce gaskiya Ɗan Ƙwalisa ya fi Damo ƙafa, ba ja. Abdulbasit kuma ya ce ya sake kallon tseren nan a waya ya fi sau ashirin, kuma Malam ya yi gaskiya, gwanin nasa jira ya yi. Ya ce kirarin da ya yi masa ƙarya ne, kuma shi ƙaryar ta kayar. Nababa ya ce in kowa ya koma ɓangaren kowa, shi wa zai sayar wa shayi? Ana cikin dariya aka kira la'asar.

A raka'ar ƙarshe Malam Yahya ya ɗago daga sujada da kabbara, sahu duka ya ɗago. Mutum ɗaya ne ya ɗan yi jinkiri, goshinsa na ƙasa, yana gode wa Allah. Wannan mutumin shi ne wanda garin ke kira Riga-Malam.

Darasin wannan labari shi ne, baiwa ba ta isar mutum in ba haƙuri tare da ita. Abdulbasit ya fi kowa ƙafa a shekarar farko, amma jiran ƙiftawar ido ɗaya da ya kasa ya jawo masa jiran shekara guda, kuma wannan shi ne abin da magabata ke nufi da sauri ya haifi nawa. Haka nan in kana son gwani, kada ka tsaya a kan sarƙarsa da rawarsa da kirarin da ake yi masa. Ka dubi abin da yake yi kafin a fara tafi. Kuma ɗabi'ar da ka raina a ƙaramin wuri, a gaban kwanon tuwo ko a sahun salla, ita ce za ta bi ka har babban fili. Ka gyara ta tun a gida, ka saurari mai gaya maka gaskiya tun kafin jama'a su taru.