Sarƙar Babur a Keken Bodil

Akwai wani tsohon makanikin babur mai suna Aksel a tsibirin Bornholm. Tun yana saurayi ba abin da yake so irin gudu. Matarsa Bodil kuwa maginiya ce, da ƙafa take tura keken da ke juya mata yumɓu, tana ƙera kofuna da kwanuka.

Sai ciwon gwiwa ya kama ta. Ƙafa ta ƙi tura keke, ɗakin aiki ya yi tsit. Wata safiya suna shan kofi ta ce, "Aksel, nemo wanda zai kwashe keken nan. Ganinsa ma ɓata min rai yake."

Abin ya taɓa masa zuciya, amma shi ba gwanin lallashi ba ne. Ya shige gareji ya kulle. Ya ciro sarƙar wani mataccen babur da fayafayanta masu haƙora, ya haɗa su da injin tsohuwar na'urar wanki. Mai hali dai: babban faifai ya sa wa injin, ƙarami ya sa wa keken, don abu ya yi gudu.

Ya kira ta yana washe baki. Ta ɗora yumɓu, ya kunna. Kafin ta kai hannu, yumɓun ya yi tsalle ya manne a taga, ragowar a gemunsa.

"Kai tsoho, kofi zan gina ko tsere zan shiga?" Ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye. "Bar shi kawai. Na gode."

Nan jikinsa ya yi sanyi. Sun tsufa tare, amma bai taɓa zama ya kalli yadda take aiki ba.

Washegari ya cire sarƙar, ya zaunar da Bodil gaban keken, ya durƙusa yana juya shi da hannunsa.

"Faɗa min daidai inda kike so."

"Rage. Ƙara ragewa. Wai ina kake sauri?"

Sai da kafaɗarsa ta ƙage kafin ta ce, "Yauwa, haka ƙafata take yi."

Ya koma gareji ya sauya fayafayan: ƙarami a injin, babba a keken, ya ƙara wasu a tsakiya har juyin ya sauko daidai.

Kofin farko ya fito a karkace, don hannu ya kwana biyu bai taɓa yumɓu ba. Aksel ya ce nasa ne, kada wanda ya taɓa. Da shi yake shan kofi har yau, kuma duk wanda ya zo neman keken, Bodil ce ke korarsa da kanta.

Darasi: Idan za ka taimaki mutum, fara zama ka ji irin tafiyarsa, kada ka ɗora masa taka. Ku tura wa wanda ke kula da wani nasa a gida.