Gwangwanin Man Askin Alhaji Sambo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Wanzami ne, ana ce masa Nomau. Ba shi da komai sai zabirarsa da askarsa da sabulun salo. Shi yake yi wa gidan Alhaji Sambo aski, kamar yadda ubansa ya yi wa uban Alhaji.

To, Alhaji Sambo ya daɗe bai samu haihuwa ba. A wata tafiya ya sayo man aski mai tsada a ɗan gwangwani, ya kulle a akwati, ya yi rantsuwa cewa da shi za a yi wa ɗansa na fari askin suna. Shekara goma sha ɗaya man nan yana kwance. Sannan Allah ya kawo ɗa namiji.

Ranar suna zaure ya cika. Aka kawo jariri, Alhaji ya miƙo gwangwani yana murmushi. Nomau ya buɗe. Jama'a, ku saurara. Ruwa ya taso a sama, gefe ya yi kore, wari ya bugi hancinsa. Ya juya gindin gwangwanin. Nomau bai yi boko ba, amma ya san lamba. Wa'adin man ya wuce da shekara takwas.

Ya matsa kusa, ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, man nan ya lalace. Fatar kan jariri ba ta da ƙwari, ga aska za ta bi ta kai. Bari in yi da sabulu."

Fuskar Alhaji ta canza. "Wanzam, kai ka san kuɗinsa? Rantsuwa na yi."

"Rantsuwa tana da kaffara, ranka ya daɗe."

"Ka yi, ko ka tashi. Ga wani wanzami can a ƙofar gida yana jira."

Nomau ya dubi yaron. Ɗan mitsitsi, kwana bakwai a duniya, maɗigarsa tana bugawa. In ya tashi, wancan zai shafa, ba zai ko shinshina ba. In ya ƙwace ya zubar, a kwashe daga ƙasa. Tsoro ya kama shi, don ya san kansa shi ma jiya aka aske shi, har da 'yan yanke-yanke.

Sai ya cire hula. Ya sa yatsu ya kwashe man nan kakaf, ya lafta a kansa, ya murza a fuska da wuya, ya murza, ya murza, har gwangwani ya zama fayau.

Sai wani ya ce, "Kwaɗayi!" Wani ya ce, "Hassada ce." Aka ja shi waje, aka jefo masa zabirarsa. Ɗaya wanzamin ya aske jariri da sabulu, tunda mai ya ƙare.

Kwana uku kan Nomau ya kumbura. Ƙuraje suka fito, suka fashe, ciwo ya gangara ya ci idonsa na hagu. Wa zai miƙa kansa ga wanzami mai ruɓaɓɓen kai? Babu. Matarsa Tabawa ta yi kuka ta ce, "Malam, ka fita ka faɗa wa mutane dalili mana!"

Ya ce, "Tabawa, in tona mutum a kan ɗansa? Yaro dai lafiyarsa ƙalau. Ya ishe ni."

Kuna jira in ce Alhaji ya zo ya ba da haƙuri? Bai zo ba. Ya ga kan Nomau, ya gane, ya kau da kai. Nomau ya ƙare rayuwarsa yana wasa wa mahauta wuƙaƙe a bakin kasuwa, da ido ɗaya. Mutum bakwai suka raka gawarsa.

'Yan'uwa, gaskiya ba kullum take biyan mai ita a nan duniya ba. Wani ladan sai an je can. Amma ku duba kanku. Kai mai shago da kake kankare kwanan wata a jikin kaya, kai mai aski da ka ji wari ka yi shiru, kai maigida da aka gaya maka gaskiya ka zaɓi girmanka, duk abin da wa'adinsa ya wuce, a jikin wani zai sauka. Nomau ya zaɓi ya sauka a nasa. Kai da ka sani ka sayar, a jikin ɗan wa ka zaɓa?