Na'urar da Ke Ɗakin Alhaji Barau

Ku matso kusa, muryata ba ta da ƙarfi tun da aka yi mini rashi. Wannan labarin gidan Alhaji Barau ne, mai bene hawa uku a bayan kasuwar hatsi. Idan na gama, ku za ku yanke hukunci.

Alhaji Barau ya rasu ranar wata Asabar, matarsa Hajiya Yalwa ta shiga takaba. Da ma tana da hawan jini. Da labarin ya iske ta sai ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce kada a ɗaga ta daga gado. Ɗakinta yana can ƙasa, a ƙuryar gida, manyan gine-gine sun kewaye shi, sabis ɗin waya ba ya shiga ko kaɗan.

Tana da ɗa, Sabitu, yana kwance a wani asibiti a Masar, ciwon ƙoda. Kafin tafiyarsa sun yi sa-in-sa da ita, ya fita bai yi mata sallama ba, bai kuma samu jana'izar mahaifinsa ba. Likitoci suka sa masa tiyata ranar Alhamis da azahar, suka ce ba za ta ɗagu ba. Shi kuwa ya aiko da saƙo cewa ba zai shiga ba sai ya ga fuskar mahaifiyarsa, ya ji ta yafe masa da bakinta.

Akwai wayifai a gidan, wato sabis ɗin intanet, amma na'urar da ke ba da shi tana hawa na uku, a falon marigayi. Tun ranar sadakar uku ƙanensa Baffa Isiyaku ya kulle falon ya tafi da makulli, ya ce ko tsinke ba za a taɓa ba sai an raba gado. Hajiya Yalwa ta kwana biyu waya na kan ƙirjinta, tana duba ta tana ajiyewa. Ranar Laraba ta kira sauran 'ya'yanta uku, Lauwali da Barira da Mudi. Ta ce, “Duk wanda ya kawo mini fuskar Sabitu cikin ɗakin nan, na ba shi Alƙur'anin mahaifina, rubutun hannu. Nawa ne, ba ya cikin gadon kowa.”

Lauwali, babbansu, shekara biyu ba sa ga-maciji da Baffa Isiyaku. Amma da sassafe ya tafi gidansa, ya durƙusa a zaure gaban mutane. Baffa ya ce, “Yau kuma ka san hanyar gidana?” Lauwali bai ɗago kai ba. Ya ɗauko limamin unguwa da maƙwabta biyu su zama shaida, ya ce idan wani abu ya ɓata a falon, a kama shi shi kaɗai. Sai da hantsi ya yi sannan Baffa ya jefo masa makullin a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka.

Da aka buɗe falon sai aka rasa na'urar. Barira ce ta riƙe wayarta tana bin bango a hankali, tana kallon inda sabis ke ƙaruwa, har ta tsaya gaban durowar ƙarfe. Ashe marigayi ya ji an ce samarin layi suna satar masa wayifai, shi ne ya sa na'urar cikin durowa, ya huda baya ya zura wayar wuta, ya rufe da kwaɗo. Barira ta yi dariya tana hawaye. Makullin kwaɗon yana haɗe da wanda Baffa ya jefo, ta buɗe ta fito da na'urar ta ɗora kan tebur a tsakar falo, sannan ta bi matakala tana gwadawa. Sabis ya sauko hawa na biyu da ƙyar, daga nan rufin kankare ya cinye shi. Ta ce ba makawa sai an sa wata na'urar a hawa na biyu, wata a ƙofar ɗakin Hajiya, a haɗa su da kebul. Ita ta aro su wajen ƙawayenta, ita kaɗai ta iya saita su, ita kuma ta gano lambar sirri a bayan kalandar mahaifinsu.

Saura jan kebul ɗin. Baffa ya hana a fasa bango ko a huda ƙasa, tunda gidan ma gado ne. Hanya ɗaya ta rage, ta waje, daga taga zuwa taga. Mudi tela ne, ko kujera ya hau jiri yake ji. Shi ne ya ɗaure tsani biyu da igiyar guga, ya daɗe yana kallonsu, ya cire takalmi ya hau. Daga kan gadonta Hajiya Yalwa tana jin tsanin yana ƙara, tana jin matan gida suna salati. Ta ce a ranta, ta nemi ganin ɗa guda, ga shi za ta rasa wani. Kwanon rumfa ya yanki Mudi a tafin hannu, bai saki ba, har ya miƙo bakin kebul ɗin ta tagar ƙasa jini na bin sa.

Ana kiran sallar azahar wayar ta yi ƙara. Hoton ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa, sannan ga Sabitu, ya rame, an sa masa hular asibiti. Ya ce, “Hajiya.” Bakinta a karkace, ta ce, “Na yafe maka duniya da lahira. Ka shiga, Allah ya fito da kai.” Ya yi murmushi, aka tura gadonsa.

Sabitu bai farka daga tiyatar ba. Wannan ganin shi ne na ƙarshe. Ni da nake ba ku labari, nawa ɗan ya tafi ban ga fuskarsa ba, saboda haka na san abin da yaran nan suka ba uwarsu.

Har yau Alƙur'anin yana cikin gafakarsa a gefen gadonta, ta kasa miƙa wa kowa. Da Lauwali bai durƙusa ba, da ƙofa ba ta buɗu ba. Da Barira ba ta gano inda sabis ke mutuwa ba, da an buɗe a banza. Da Mudi bai hau tsani ba, da azahar ta wuce sabis na sama uwa na ƙasa.

To, ku faɗa mini, wa za ta ba a cikinsu?