Dalilin da Ya Sa Muke Rina Ƙwan Biki a Kwarin Madaci

Dalilin da ya sa mu mutanen Kwarin Madaci ba ma cin farin ƙwai ranar bikin sabon hatsi sai mun rina shi, yau zan faɗa muku, tun da kun ishe ni da tambaya. Ku matso, amma ku yi nesa da murhu. Ke Lantana, ci gaba da tsince ɓawon albasar nan, ai da kunne ake ji ba da hannu ba.

A da can ba haka ake yi ba. Ranar biki kowane gida sai a dafa ƙwai a ruwa zalla, a zuba a ƙwarya, a ajiye a zaure ya huce. Duk yaron da ya shigo gaisuwa a miƙa masa ɗaya, fari tas, yadda kaza ta ajiye shi.

A lokacin akwai wani ƙaton suri a bayan gari, gefen fadama, tsayinsa ya fi na mutum biyu. Tsofaffi sun ce a bar shi, ba su faɗi dalili ba. Sai wani mai kiwon kaji, sunansa Jatau, ya ga 'yan tsakinsa suna ta ramewa. Ya ɗauki dagi ya je ya fasa gefen surin, ya kwaso gara cike da kwando. Tsaki suka ci, suka yi ɓul-ɓul. Da maƙwabta suka ga haka, kowa ya nemo daginsa. Kafin damina biyu surin ya zama kango, ruwan sama yana shiga har cikinsa.

Daga nan aka fara ganin abin.

Bayan biki da kwana uku, sai yaro ɗaya a gari ya yi shiru. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Jikinsa kawai ya yi sanyi kamar gindin randa. Ya daina wasa, ya daina magana. Da rana ta take tsaka, sai ya zauna ya fuskanci wajen surin, ana jin wata 'yar ƙara daga ƙirjinsa, tsi, tsi, tsi, irin ta ɗan tsako kafin ya fasa ƙwai. Haka zai yi ta zama har shekara ta zagayo. Ranar biki na gaba, tsakar rana, sai ya miƙe ya nufi fadama. Manya su bi shi a guje, yana tafiya a hankali, amma ba sa cim masa. Suna kallonsa a fili, babu dawa babu duhuwa, sai su neme shi su rasa.

Na farko ɗan maƙeri ne. Ta biyu 'yar mai unguwa. Ta uku kuwa Yalwa ce, 'yar Jatau ɗin nan da matarsa Marka, ita kaɗai Allah Ya ba su, shekarunta bakwai.

Marka masaƙiyar faifai ce. Ita ke rina kabarta da kanta, ja da karan dafi, rawaya da gangamau. Shekara guda ta yi tana yawon nema wa 'yarta magani. An yi hayaƙi, an yi wanka da saiwa, an sha rubutu. Yalwa ba ta ko ɗaga ido ba.

Ranar biki ta zo, shekara ta cika. Tun da safe Marka ta ɗauko majanyin da ta goya Yalwa da shi tana jaririya, ta ɗaure ƙugun yarinyar da gefe ɗaya, ta ɗaure nata da ɗayan.

Jatau ya ga ta hura wuta, ya ce, "Marka, bana ki bar dafa ƙwan nan. Wa zai shigo mana gaisuwa yau?"

Ta ce, "Maigida, in ban sa hannuna aiki ba, zama zan yi ina kallon rana tana hawa. Bar ni."

Ta ɗora tukunya biyu. Ɗaya ruwan dafa ƙwai, ɗaya jan ruwan karan dafi na rina kaba. Ta ɗauko ƙwaryar ƙwai ke nan, sai Yalwa ta yi wani yunƙuri, majanyi ya fizgi ƙugun uwar. Marka ta waiwaya a firgice, hannunta ya juye ƙwai a tukunya ba ta duba ba. Sai da aka jima, ta zo kwashewa, ta ga ashe a tukunyar rini ta zuba.

Ta sa ludayi tana tsamowa. Wannan ja, wancan ja, kowanne ja jawur kamar an tauna goro an shafa masa. Sai ludayi ya fito da wani fari fat.

Ta ce a ranta ko bai nutse sosai ba. Ta mayar da shi, ta danna shi har ƙasan tukunya, ta jira. Ya fito fari. Jan ruwan yana gangarewa daga jikinsa kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Ta kai yatsa a hankali don kada ta ƙone. Ƙwan da ya fito daga tafasasshen ruwa, sanyi ƙalau. Ta ɗauke shi ta kara a kunne.

Tsi, tsi, tsi.

Yalwa, wadda shekara guda ba ta juya fuskarta daga wajen suri ba, ta juyo a hankali ta zuba wa ƙwan ido. Ƙirjinta ya amsa.

A daidai nan inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Kajin gidan duk suka yi tsit, suka kwanta a ƙasa, suka shimfiɗa wuya. Sai aka ji murya daga zaure.

"Gafara dai, masu gida."

Wata tsohuwa ce ta shigo. Fatarta kalar jar ƙasa, duk ta tsattsage kamar bangon da ruwa ya ci. Gara na shiga da fita ta bakin zanenta. Ba ta dubi Marka ba, ba ta dubi Jatau ba, hannun Marka take kallo.

Ta ce, "'Yar nan, ba ni ɗana."

Jatau ya tsuguna inda yake. Marka kuwa ta ja da baya har wajen dutsen niƙa, tana jan Yalwa, ta ɗaga ƙwan a samansa. Ta fuskanci tsohuwar.

"Iya, in kika ƙara taku ɗaya, zan sake shi."

Tsohuwar ta tsaya cak.

Marka ta ce, "Ke ce kike ɗauke mana 'ya'ya."

"Ni? Ku dai kuke cinye min nawa. A cikin surin can nake ajiye ƙwaina tun kafin kakanninku su sari itace a kwarin nan. Ƙwai ɗaya a shekara, ɗumin suri ya isa ya ƙyanƙyashe shi. Kuka fasa min ɗaki don ku ciyar da kaji. Ni ba ni da ɗumi a jiki. Na ce to, kajin da suka ci gidana su ɗumama min ɗa. Sai in sa shi a ƙarƙashinsu. Ku kuma ku kwashe, ku miƙa wa yaro, ya haɗiye. Ɗumi ɗana yake nema, 'yar nan. Inda ya same shi, nan yake girma. In ya isa fitowa, gida yake tahowa da wanda ya ɗauke shi."

Jatau ya rarrafo, ya kifa goshi a ƙasa. "Iya, ni na fara sa dagi. Ki ɗauke ni, ki bar yarinyar."

"Me zan yi da kai? Ba kai ka haɗiye ba."

"To zan tara mutane mu gina miki surin."

"Abin da gara ta yi shekara ɗari tana ginawa, hannun mutum ba ya mayarwa. Zan ci gaba da sa ƙwaina a ƙarƙashin kajinku. Ba ni da wani wurin."

Marka ta dubi ƙwaryar jajayen ƙwai, ta dubi farin da ke hannunta. Ta ce, "Iya, naki ba ya kama rini."

"Ba ya kamawa. Ba abin duniyarku ba ne."

"To ga abin da za mu yi. Kowace shekara, kafin a ba yaro ƙwai, za mu dafa shi a ruwan rini. Wanda ya kama namu ne. Wanda ya ƙi, za mu kai miki har bakin suri, ba tsaga ba ƙwarzane. Ke kuma ki cire naki daga cikin 'yata, yanzu."

Tsohuwar ta dubi tukunyar rini. Ana jin motsin gara a zanenta kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Can ta ce, "Tukunyarki ta ba shi ɗumin da kaza ba ta ba shi ba. Na yarda. Amma kada ku dafa min ɗa a cikin abin da ba za ku iya sawa a bakinku ba. Ta ɓawonsa yake numfashi."

"Na ji. Ɗan maƙeri fa, da 'yar mai unguwa?"

"Waɗannan sun riga sun ƙyanƙyashe. Ko na kawo su, iyayensu ba za su so su gan su ba."

Marka ta dubi 'yarta.

Tsohuwar ta ce, "Kira 'yarki da sunanta. Ɗana muryar uwa kaɗai yake ji. In ya ji tana da mai ita, zai sake ta."

To kun san 'yar fari, uwa ba ta faɗin sunanta. Shekara bakwai Marka ba ta taɓa furta sunan nan ba, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi. Yalwa ta miƙe tsaye, majanyi ya miƙe, ya fara yagewa. Sai Marka ta ƙwalla da iyakacin ƙarfinta, har aka ji a dandali.

"Yalwa! Yalwata!"

Yarinyar ta durƙusa ta yi tari sau uku. Wani abu ya fito daga bakinta, fari, ɗan ƙarami, jiƙe sharkaf. Jatau har ya mutu bai yarda ya faɗi kamanninsa ba. Ya ruga ta ƙasa ya shige zanen tsohuwar. Marka ta ajiye farin ƙwan a sabon faifai ta tura mata da ƙafa. Tsohuwar ta ɗauka, ta rungume, ta fita ba sallama. Sai da ta ɓace zakara ya iya ɗaga kai.

Yalwa ta dubi uwarta ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Ta warke, ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya tara. Ita ce kakar kakata. Abu ɗaya ne bai bar ta ba. Ranar da aka sa ta a lalle, aka ƙunsa mata hannu da ƙafa, da aka kwance, fari fat kamar ba a sa ba. Aka sake, aka sake. Har ta koma ga Allah lalle bai taɓa kama ta ba.

Shi ya sa har yau ba a miƙa wa yaro farin ƙwai ranar biki a garin nan. Shi ya sa kuma ba ma rinawa da shuɗin wanki ko garin kala na kasuwa, sai ɓawon albasa, da zoɓo, da gangamau, da karan dafi, abin da in ya shiga cikinku ba zai cuce ku ba. Ni da idona sau biyu na ga ƙwan da ya ƙi rini. Ɗaya ni na kai shi bakin suri, ina amarya, tsakar rana, ban waiwaya ba.

To, ya isa haka, tukunya ta nuna. Lantana, miƙo min ludayi. Ku kuma ku sa hannuwanku a baya. Kada wanda ya taɓa ko ɗaya sai na tsamo na ƙarshe.