Kwalbar da Malam Ɗahiru Ya Kasa Miƙa wa Surukinsa

Akwai wani ma'aikacin ɗakin gwaji da aka yi a wani ƙaramin asibiti a Kalgo, sunansa Haliru, mutumin Gwandu. Duk wanda ya san Kalgo tun kafin jami'a ta zo ba zai manta da shi ba.

Ni kam in na tuna ɗakin nan nasa sai kewa ta kama ni. Tebur ɗaya ne, da kwalabe a jere, da wani tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta wanda babu ruwansa da lantarki, sai dai a jawo shi bakin taga rana ta haska. In hadari ya rufe rana, sai masu jira su gyara zama a benci a yi ta hira har gari ya washe. Ba mai tsaki, ba mai duba agogo.

Duk yankin shi kaɗai ke wannan aiki. Jini, fitsari, majina, komai ta hannunsa yake bi.

Haliru yana auren Hafsat, 'yar Malam Ɗahiru na Wurogauri, manomin shinkafa da ya yi rayuwarsa cikin ruwan fadama. Dattijo ne mai kunya irin ta mutanen da. Ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba.

Wata damina Malam Ɗahiru ya fara fitsarin jini. Ya ɓoye, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe, yana ta ramewa. Da ƙyar matarsa ta tura shi asibiti. Likita ya ce jini a fitsarin dattijo ba abin wasa ba ne, ba zai ba da magani da ka ba sai an gwada. Ya ba shi 'yar kwalba, ya nuna masa ƙofar ɗakin gwaji.

Dattijo ya leƙa, ya ga wanda ke ciki. Nan take kwalba ta shige aljihu.

Haliru ya taso ya durƙusa. "Baba, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Wucewa nikai, na ce bari in gaishe ku."

Wucewa zuwa ina, jama'a? Asibitin nan bayansa gonar gero ce, babu hanyar ko'ina.

Ya sake dawowa, ya sake yin gaisuwa ya koma. Rannan Hafsat ta dawo daga gidansu tana kuka.

"Inna ta ce Baba ya ce gara ya mutu da ya miƙa maka wagga kwalba. An ce ya tahi Birnin Kebbi a gwada shi, ya ce shi ya warke. Wallahi ko tsayuwar salla da ƙyar yake yi."

Haliru ya ce, "Kada ki bari ya san na ji."

Da wani ne da ya tafi Wurogauri ya yi wa tsoho lacca a kan ciwo babu kunya. Haliru bai yi haka ba. Ya kira abokin karatunsa Zakariya, ɗan Zuru da ke irin aikinsa a Gwandu, ya roƙe shi su yi musayar wuri na ɗan lokaci. Manyansu suka amince. Hafsat kuwa ta je ta ce wa Inna, da ƙarfi yadda Malam Ɗahiru da ke zaure zai ji, an mai da maigidanta Gwandu.

Amma dattijo bai zo da wuri ba. Kullum bayan la'asar Haliru sai ya kira.

"Ya zo?"

"Bai zo ba, abokina," in ji Zakariya. "Ka ƙara haƙuri."

Kafin ya zo, bakin mutane ya riga shi. Aka fara cewa ai ba a ɗauke ma'aikaci haka kawai. Wannan ya ce jinin wata ya haɗa da na wata, wancan ya ce har an rasa rai. Wanda bai taɓa shiga asibitin ba ma yana da nasa labarin. Kuma kun san mai gwaji ba shi da abin da ya wuce yardar mutane.

Hafsat ta ji ana yi a gidan suna, ta kira Haliru ranta a ɓace. "Ka bar ni in hwaɗa musu gaskiya!"

"In kin hwaɗa, asirin Baba kika tona. Ki yi shiru."

Daga ƙarshe Malam Ɗahiru ya zo, ya miƙa wa Zakariya kwalba kansa a ƙasa. Aka ga tsargiya ce, cutar da ake ɗauka a ruwan fadama, har ta fara taɓa mafitsara. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta shiga ciki. Aka ba shi magani, kafin girbi ya koma gonarsa.

Haliru ya dawo Kalgo, ya tarar da benci wayam. Mutane sun gwammace su hau mota zuwa Birnin Kebbi da su ba shi jininsu. Ya riƙa buɗe ɗaki da safe, ya goge tebur, ya zauna har a tashi. Bai gaya wa kowa dalilin tafiyarsa Gwandu ba.

Inna ce ta kasa jurewa, don Hafsat ta riga ta gaya mata gaskiya a asirce. Wata safiya ta ajiye wa mijinta kunu, ta zayyana masa komai. Malam Ɗahiru bai sha kunun ba.

Ranar Juma'a ya zo Kalgo. Ana sallame salla, kafin a watse, sai ya miƙe.

"Jama'a, ku tsaya ku ji. Ni Ɗahiru na Wurogauri, hitsarin jini ni yi. Kunya ta hana ni miƙa ma surukina kwalba. Don ni ya bar garin ga, don in samu in zo a gwada ni. Bai ɓata jinin kowa ba. Kunka zage shi, ya yi shiru don kada ku ji abin da ni hwaɗa muku yanzu da bakina."

Haliru yana can sahun baya, ya sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan rigarsa. Ranar Litinin sai da aka aro benci daga ɗakin allura saboda yawan masu jiran gwaji.

Malam Ɗahiru ya ƙara shekaru masu yawa kafin Allah ya karɓi abinsa. Yau Kalgo ta cika da ɗakunan gwaji masu injuna, ana ba ka sakamako kafin ka gama gaisawa. Amma ina kewar mutane irin waɗannan biyun, wallahi ina kewarsu.

Darasi: In za ka taimaki mutum, ka taimake shi ta hanyar da mutuncinsa ba zai zube ba, ko da kai za ka ɗauki zagin. Kuma kada kunya ta hana ka zuwa gwaji, ko ta hana ka wanke wanda aka zarga saboda kai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai dattijo a gidanku da ke ɓoye ciwonsa yanzu haka.