Azumin da Ya Ƙara wa Anisa Ƙiba

A shekarar da za ta zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare, babbar musiba ta auka wa Anisa, ɗiyar Malam Harouna direban taksi, a unguwar Lazare ta Yamai. An ɗauke ta hoto daga gefe.

Ranar bikin makaranta aka ɗauki hoton, aka saka shi a zauren ajinsu na waya. Wani ɗan ajin, wanda ba a san shi da yawan rubutu a takardar jarrabawa ba, ya rubuta a ƙarƙashi: "Masha Allahu, gidan su Anisa ba su ji tsadar shinkafa ba." Aka yi dariya. Washegari kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Anisa ba ta da wata ƙiba ta a zo a gani. Yarinya ce mai jiki daidai, ga ƙwaƙwalwa. Ita ce ta farko a gidansu da ta kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, kuma Malam Harouna ya riga ya shaida wa rabin fasinjojin Yamai cewa ɗiyarsa za ta shiga jami'a. Aibinta shi ne ta fi yarda da bakin mutane a kan madubinta, kuma abin da take so, yau take son sa. Ta yanke shawarar yin rejim, ta rage ci har ta koma kamar 'yan matan da take kallo a waya, waɗanda ba a taɓa ganin suna tauna komai ba.

Sai dai a gidan Inna Ramatou ba a rejim. Ranar farko da Anisa ta ture kwanon tuwo, uwar ta taɓa mata goshi.

"Zazzaɓi ne?"

"Lafiyata lau, Inna. Na ƙoshi ne."

"Da me? Da iska? Ko miyar tawa ce ba ta kai matsayin 'yan lise ba?"

Anisa ta ci. Aka ƙara mata, don a tabbatar da lafiyar.

Ta zauna ta yi nazari, irin wanda da littafin tarihi ya samu da ya gode, har ta gano cewa mutum ɗaya ne ba a tilasta wa ci a gidan Musulmi: mai azumi. Ta fara da cewa ramuwar Ramadan take yi. Da ramuwa ta ƙare ta koma Litinin da Alhamis. Daga nan ta ce yau azumi, gobe hutu, wai tana roƙon Allah nasara a bak. A zuciyarta kuwa ƙugu take nema.

Dabarar ta yi aiki da rana. Abin da Anisa ba ta lissafa ba shi ne rana tana faɗuwa.

Inna Ramatou ba ta ɓoye farin cikinta ba. Ta faɗa wa mai kanti, ta faɗa a wurin niƙa. Kafin mako ya zagayo duk layin ya san akwai yarinyar da ke azumi ba a watan azumi ba, a wannan zamani da 'yan mata ba su da alƙibla sai waya. Kowa kuma ya san wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada irin nasa, kuma samun lada a kan faranti guda ba garaɓasar da ake bari ta wuce ba ce. Da an kira magariba sai kwanuka su fara sallama. Wannan gida kunu, wancan dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, wancan ƙosai. Malam Harouna ya dawo da balangu a takarda. Tanti Sadiya, Bazabarmiyar da ke suyar fari masa a bakin titi, ba ta aike, da ƙafarta take zuwa.

"Fofo, ɗiyar albarka. Bisimilla, da zafinsa."

"Tanti, na gode, amma dabino ya ishe ni."

"Dabino! Ke tsuntsuwa ce? Ni ciwon ciki ya hana ni azumi shekara da shekaru. Ke ce ƙofar da Allah ya buɗe mini, ita za ki rufe? Ci, ina kallo."

Wanda ya wuni bai ci ba ba ya jimawa yana gardama da fari masa mai zafi. Anisa takan ci na Tanti don kunya, ta ci na sauran don kada a ce ta yi wariya, ta ci balangu don Baba ya kafe ta da ido. Da asuba kuma Inna ta tashe ta sahur da fura mai kauri.

A aji kuwa, daga hantsi kanta ya fara nauyi. Mushe, malamin falsafa, yana bayani, ita cikinta take saurare. Makinta ya fara sauka. Ƙawarta Nasara, 'yar Dogonduci da suke benci ɗaya, ita kaɗai ta san gaskiya.

"Malama waliyiya, tashi, mushe na kallon ki."

"Ki bar ni, don Allah."

"Ni dai ko a cocinmu ban taɓa jin an yi azumi don siket ba."

"Ki rufa mini asiri, Nasara."

"Ni na rufa. Siket ɗin ne ke tonawa."

Gaskiya ta faɗa. Bayan wata biyu na yunwar rana da walimar yamma, siket ɗin makaranta ya daina rufuwa. Anisa ta tsaya gaban madubi ta yi kukan takaici. Ba ta iya daina azumin ba, don unguwa ta riga ta naɗa ta waliyiya. Ba ta iya ƙin kwanukan ba, don ba a hana maƙwabci lada. Nasara ta ce ta faɗa wa Inna gaskiya, a sha faɗa na yini ɗaya a huta. Anisa ta ga wannan hanya ta yi sauƙi da yawa.

Saura 'yan kwanaki jarrabawa ta shiga Babbar Kasuwa, wurin wani mai tebur da ke sayar da shayin rage ƙiba. A jikin kwalin akwai hoton mace siririya da rubutun da ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Yarinyar da ke gabanta a layi ƙwayar ƙara ƙiba ta saya, a tebur ɗin nan, a hannun mutumin nan, kuma ita ma ya rantse mata cewa maganinsa ba ya ƙarya. Wannan bai sa Anisa ta yi wani tunani ba.

"Cokali ɗaya, ƙanwata," in ji shi. "A hankali yake aiki."

Kalmar "a hankali" ita ce ba ta yi mata ba. A Harobanda, hayin kogi, aka ba su wurin jarrabawa, inda ɗaliban makarantu da yawa za su haɗu, duk idanu sababbi. Ranar jarrabawar Inna ta hana ta azumi. Anisa ta ce fargaba ta hana ta karin kumallo, ta shiga ɗaki ta dama cokali uku a kofi, ta shanye a kan cikin da babu komai. Malam Harouna ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya, ya tsallaka gada da ita yana addu'a.

Takardar farko falsafa ce, darasin da ta fi kowa iyawa a da. Ta rubuta sunanta, ta rubuta gabatarwa mai kyau. Daga nan shayin ya nuna cewa shi dai ba ya ƙarya. Ta ɗaga hannu, mai gadin jarrabawa ta raka ta bayan gida. Ta dawo, ta rubuta layi biyu, ta sake ɗaga hannu. A fita ta huɗu ta zube a baranda.

A dispanser ta farfaɗo, ana yi mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ciro kwalin daga jakarta ta nuna wa iyayen. Nasara, da ta iso bayan an tashi, ta cika sauran labarin, don ta ga asirin bai da sauran abin rufewa. Inna Ramatou ta juyo ga ɗiyarta.

"Wato duk sahur ɗin nan da nake tashi..." Ba ta ƙarasa ba. "Me zan ce wa Sadiya?"

Malam Harouna ya fita ya zauna a cikin taksinsa. Kwana biyu aka riƙe Anisa a gado, jarrabawa kuma ba ta san jiran mara lafiya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari bai da wuya, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Jikin da ke kai ka makaranta ya dawo da kai ba abokin gaba ba ne, kuma wanda ya yi maka ba'a a waya ba shi zai zauna maka jarrabawa ba. Mai son rage jiki ya faɗa a fili, ya tambayi likita, ya yi haƙuri. Kada ya sa wa son zuciya rigar ibada, don ƙaryar da ta jawo yabo ta fi kowace wuyar tuɓewa. Kuma a yi hattara da teburin da ke sayar da rama da ƙiba a jere. Anisa dai ta rage kilo biyu a dispanser. Sun dawo kafin sakamako ya fito. Bak kuwa sai baɗi.